Wata uku ina kwatanta na'urorin tuƙa keke a ɗaki, har yau ban taka feda ba

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, na kusa shekara arba'in. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage ƙiba in riƙa motsa jiki. A da ina hawan keke sosai, amma tunda muka samu ƙaruwa, ga kuma aiki, fita ta gagara. Ni da maiɗakina muka tara 'yan kuɗi don mu sayi na'urar nan da ake ɗora keke a kanta a cikin ɗaki, a haɗa ta da manhaja irin su Zwift. Ita ma tana da kekenta, mai giya 9 a baya, nawa mai 11. A saman bene muke, akwai mutane a ƙasanmu, ga jariri da ƙaramin motsi ke tayar da shi. Wani abokina ya ce in ba Tacx Neo 2T ba, duk asarar kuɗi ce. Kuɗinmu kuwa bai kai nan ba, iyakarsa Wahoo KICKR CORE ko masu arha waɗanda ba a cire musu tayar baya. Na fara tunanin in ɗebi ciko daga ajiyarmu ba tare da na gaya mata ba, don dama tana cewa abin zai ƙare ne a matsayin wurin shanya kaya. Wata uku ke nan ina karanta lambobi, kaina ya kulle. Me zan yi?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya jariri, ya ƙara maka lafiya.

Ajiyar nan, ka bar ta inda take. Na sa wannan a gaba ne saboda shi kaɗai ne a cikin wasiƙarka zai iya jawo ɓarnar da ba a gyara ta da sukundireba. In ka sayi na'urar da ba ta dace ba, za ka sayar ka yi 'yar asara, shi ke nan. In kuwa maiɗakinka ta gano an taɓa kuɗin da kuka tara tare a ɓoye, duk ranar da ta ga ka hau keken nan abin da za ta tuna ke nan. Kuma abin takaicin shi ne, cikon da kake son ɗauka zai saya maka abubuwan da ƙafafunka ba za su taɓa kaiwa gare su ba. Bari in nuna maka da lambobin da suka kulle maka kai.

Kowane kwali yana ɗauke da lambobi uku da kamfanoni ke alfahari da su: iyakar ƙarfin da na'urar ke iya tarewa, iyakar tudun da take iya kwaikwaya, da kuma daidaiton awonta. Neo 2T tana tare ƙarfi har wat 2200 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda), tana kwaikwayon tudu har kashi 25 cikin ɗari, kuskuren awonta bai wuce kashi 1 ba. KICKR CORE tana tare wat 1800, tudu kashi 16, kuskure kashi 2. A takarda tazara ce babba. Amma wat 2000 ƙarfin zakarun tseren gajeren zango ne, su ma na 'yan daƙiƙoƙi. Mai hawan keke don sha'awa da wuya ya wuce wat 1000 da ɗan ɗoriya ko ya miƙe tsaye ya ba da duk abin da ke jikinsa. Mutumin da ya daɗe bai hau ba, wanda likita ya tura motsa jiki, zai shafe yawancin lokacinsa tsakanin wat 100 da 200. Ko 1800 ko 2200, duka sun yi maka nisa ƙwarai.

Batun tudu ma haka yake, har ya fi. Hawan da ya fi suna a Zwift, manhajar da ke nuna hotonka a allo kana tuƙi a hanyoyin zane, shi ne Alpe du Zwift, wanda aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez na ƙasar Faransa da kwanoninsa 21. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 12, matsakaicin tsayuwarsa kuma kusan kashi 8 da rabi ne. Ga wani abu da abokinka wataƙila bai gaya maka ba: Zwift, yadda take zuwa a saite, rabin tudun kawai take aika wa na'urar. In allo ya nuna kashi 10, ƙafarka kashi 5 take ji, sai dai in kai ka shiga ka ƙara da hannunka. Wahalar kaiwa ƙololuwa ba ta raguwa, don ƙarfin da ka zuba shi ke tafiyar da hotonka a allo. Abin da ke canzawa shi ne yawan sauya giya. Ke nan na'urar da ke tsayawa a kashi 16 ba za ta taɓa gaza maka ba a wannan saitin.

Daidaiton awo shi ne ya fi ruɗar mutane, don yana kama da maganar gaskiya da ƙarya. A wat 200, kuskuren kashi 1 wat 2 ne, kashi 2 kuma wat 4. Ranar da jariri ya hana ka barci, bambancin da za a gani a ƙafarka ya ninka wannan sau da yawa. Abin da mai horo ke buƙata shi ne na'ura ta riƙa faɗin abu ɗaya yau da gobe, don in ya ƙaru bayan wata biyu ya san da gaske ya ƙaru. Wanda ke shiga manyan gasa, inda ake tantance awon kowa, shi ne ke da dalilin biyan kuɗin wannan kashi 1 ɗin.

Kada ka ɗauka ina kushe Neo 2T. Na'ura ce mai kyau ƙwarai. Tacx kamfanin ƙasar Holan ne wanda Garmin ta saya a 2019, kuma sun san aikinsu. Neo ba ta da bel, ba ta da faifan ƙarfe mai nauyi irin na sauran. Injin lantarki ne mai maganaɗisu ke samar da nauyin tafiya, shi ya sa ba ta buƙatar a riƙa daidaita awonta, tana iya girgiza ƙafa ta kwaikwayi hanyar duwatsu ko gadar katako, tana ma iya aiki ba a jona ta da wuta ba. Wanda kuɗi bai dame shi ba, ya saya ya ji daɗi. Amma cewa duk abin da ba ita ba asara ce, wannan magana ce ta wanda ya riga ya kashe kuɗinsa yana neman abokin tarayya.

Inda bambanci na gaske yake, wanda za ka ji a ƙafa kuma maƙwabtanka su ji a rufin ɗakinsu, shi ne tsakanin na'urar da ake barin tayar baya da wadda ake cire ta. Iri na farko, irin su KICKR SNAP da Tacx Flow, tayar ce ke gogar wani ɗan ƙarfe mai juyawa. Sun fi arha, ɗora keke a kansu ba wuya. Sai dai gogar nan tana da ƙara, kuma ƙarar tana ƙaruwa da gudu. Tana cinye taya, har mutane kan sayi taya ta musamman don wannan aiki. In ka taka da ƙarfi farat ɗaya tayar kan zame. Awonsu ya dogara da iskar da ke cikin taya da yadda ka matse ƙarfen a jikinta, don haka kusan kullum sai ka duba iska, ka ɗumama na'urar kamar minti goma, sannan ka yi gwajin daidaitawa kafin lambobin su zama abin dogaro. Mai gidan ƙasa da wadataccen lokaci zai iya zama da wannan lafiya. Kai kuwa da ƙyar kake samun minti arba'in, kuma a saman kan mutane kake. Ka cire su daga lissafi.

Iri na biyu, ana cire tayar baya a ɗora sarƙar keke kai tsaye a kan haƙoran da ke jikin na'urar. Babu gogar taya, babu zamewa. A nan CORE take, tare da Elite Suito da Direto na Italiya, da Saris H3 na Amurka, da Tacx Flux, da ita kanta Neo. Da zarar ka shigo wannan rukuni, mafi yawan ƙarar da za ka ji ta sarƙarka ce da fanka. CORE tana da faifai mai nauyin kilo 5.4, wanda ya isa ya ba ka jin cewa keke na ci gaba da tafiya in ka ɗan sassauta. Aibinta da ya kamata ka sani: nauyinta kusan kilo 18 ne kuma ba ta da mariƙi, ɗaukarta daga lungu zuwa tsakiyar ɗaki kullum zai gundure ka. In gidanku ba shi da wurin da za ta zauna dindindin, ka dubi Suito, wadda ke naɗewa kuma tana da mariƙi. Ina ganin wannan ya fi duk lambobin kwali muhimmanci, don na'urar da sai an yi minti goma ana haɗa ta ita ce ke zama wurin shanya kaya.

Yanzu ga abin da ka ambata a wucewa, wanda shi ne ainihin abin da zai yanke maka zaɓi: kekenka mai giya 11 ne, nata mai 9. Jerin haƙoran baya na giya 11 sun fi matsuwa da juna, sarƙarsu ta fi siriri. In ka ɗaura haƙora 11 a kan na'ura, kekenta ba zai sauya giya daidai a kai ba, sarƙa za ta yi ta tsalle tana ƙara. Ana iya musanya haƙoran duk lokacin da za a musanya keke, amma sai da kayan aiki guda biyu, da ɗan zoben ciko na milimita 1.85 da ake sawa a bayan haƙora 9, da hannu baƙi ƙirin da mai. Za ku yi haka sau biyu ko uku, daga nan ɗayanku ya daina hawa, kuma na san wanda zai daina.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira Zwift Cog. Faifan haƙora ne guda ɗaya tak da ake sawa a maimakon jerin, yana karɓar sarƙar mafi yawan kekuna daga masu giya 8 zuwa 12. Sauya giya kuma sai ya koma hannun manhaja: akwai ɗan maɓalli da ake ɗaurawa a hannun keke, in ka danna na'urar ta ƙara nauyi ko ta rage, kamar kana da giya 24. Sarƙa ba ta motsawa daga wuri ɗaya, don haka ƙarar sauya giya ma ta tafi, abin da jaririnku zai amfana da shi. Ana sayar da CORE da Zwift Cog a jikinta tun daga kamfani. Sharaɗinsa guda ne: wannan sauya giya ta maɓalli ba kowace manhaja ke karɓarsa ba. Kafin ku biya, ku tabbatar wadda za ku yi amfani da ita tana aiki da shi, in ba haka ba za ku tsinci kanku da giya ɗaya a kan tudu.

Ka kuma sunkuya ka dubi yadda tayar baya ke riƙe a kekunan biyu. Wasu siririn tsinke ne mai maɓallin buɗewa, faɗin wurin milimita 130 ko 135. Wasu kuma sanda ce mai kauri milimita 12 da ake murɗawa ta ratsa firam, faɗin 142 ko 148. Yawancin na'urorin nan suna zuwa da 'yan ƙarafunan da ke karɓar duka, amma in kekunanku sun bambanta, sai an sauya su duk lokacin musanya. Aikin minti ɗaya ne, ba kamar na haƙora ba, amma gara ka sani tun yanzu.

Maƙwabta kuwa, abin da ke isa gare su yawanci girgiza ce da ke bin daɓe, ko da kai a ɗaki kana jin shiru. Ko Neo ba ta kuɓuta daga wannan gaba ɗaya ba. Shimfiɗar roba mai kauri a ƙarƙashin na'urar tana rage shi sosai, kuma ajiye ta kusa da bango ya fi tsakiyar ɗaki inda daɓe ya fi amsawa. Sarƙa mai tsabta da mai ta fi busasshiya shiru nesa ba kusa ba. Sannan ka sauka ka ƙwanƙwasa musu ƙofa, ka ce za ka gwada na minti biyar su saurara su gaya maka. Mutumin da aka tambaya tun farko ya fi haƙuri da wanda ƙara ta tayar daga barci.

Ragowar kuɗin, in akwai, fanka za ka fara saya, babba mai ƙarfi. Mutane na raina wannan. Jikin ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kuzarin da ya ƙona ne kawai ke zama aiki a feda, sauran duk zafi ne. In kana ba da wat 150, jikinka na fitar da zafin da ya kai wat 450 zuwa 600. A kan hanya iskar tafiya ke kwashe shi ba ka sani ba. A ɗaki babu wannan iskar, sai gumi ya yi ta zuba, bugun zuciya ya yi ta hawa alhali ƙarfin da kake bayarwa bai ƙaru ba. Ga mai hawan jini wannan ba abin wasa ba ne. Gumin kuma gishiri ne, yana cin kusoshi da hannun keke a ƙarƙashin tef ɗinsa har su yi tsatsa ba a gani ba. Ka shimfiɗa tawul a gaban keke, ka goge shi bayan kowane hawa.

Manhaja kuma kada ka ɗaure kanka da ɗaya tun kafin ka gwada. Zwift, wadda ta fara a 2014, ita ta fi jama'a, duniyar zane ce mai cike da mahaya a kowane lokaci, ana biyan ta wata-wata, kuma ku biyu asusu biyu ke nan in kowa na son nasa tarihin. Wannan kuɗi ne mai maimaituwa da ya kamata ya shiga lissafinku tun yanzu. Rouvy ta ƙasar Cek bidiyon hanyoyi na gaske take nunawa. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, kuma a kanta aka yi gasar duniya ta tseren keke ta intanet a 2024, sai dai tana son waya ko kwamfuta mai ɗan ƙarfi. TrainerRoad ba ta da duniya ko hoton mahayi, jadawalin horo ne da lambobi zalla. Duk na'urorin da na ambata suna magana da waɗannan ta Bluetooth ko ANT+, wata hanyar haɗi marar waya makamanciyarta. In ta Apple TV za ku haɗa, wato ɗan akwatin Apple da ake jonawa da talabijin, ku sani abubuwa biyu kawai take karɓa ta Bluetooth ban da rimot ɗinta, wato na'urar da abin awon bugun zuciya sun cike gurbin.

Da ka fara za ka haɗu da yanayin da ake kira ERG. A nan manhaja ce ke cewa wat 140, na'urar kuma ta riƙe ka a wat 140 ko kana juya feda da sauri ko a hankali. Yana da daɗi ga mai ƙarancin lokaci, don ba sai ka yi tunani ba. Tarkonsa shi ne in ka gaji ka rage saurin juyi, na'urar sai ta ƙara nauyi don ta cike lambar, nauyin ya sa ka ƙara ragewa, har feda ta tsaya cak. In ka ji haka ta fara, ka ƙara saurin juyi nan take ko ka tsaya ka sake farawa. Na'urar ba ta lalace ba. Za kuma a yi ta tura ka ka yi gwajin da ake auna iyakar ƙarfinka, wanda sanannen nau'insa shi ne ka yi minti 20 da duk ƙarfinka a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na sakamakon. Kada ka yi shi sai ka koma wurin likitanka ka gaya masa ainihin abin da gwajin ya ƙunsa. Makonnin farko, tuƙi mai sauƙi wanda za ka iya magana a cikinsa ya ishe ka. Maiɗakinka ma, tunda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta ji ta bakin mai duba ta kafin ta koma kan sirdi.

In abokinka ya sake tayar da maganar, ga labarin da za ka ba shi. A ƙarshen Fabrairun 2016 Mathew Hayman, ɗan ƙasar Ostireliya, ya karye a hannu a wani tsere. Ya koma garejin gidansa ya yi ta horo a Zwift, yana ɗora karyayyen hannun a kan tsani. A watan Afrilun wannan shekarar, yana da shekara 37, ya ci Paris-Roubaix, ɗaya daga cikin tsere mafi wahala a duniya, ya sha gaban shahararren mahayin nan Tom Boonen a layin ƙarshe. A lokacin ba a ma ƙera Neo 2T ba, ba a ƙera CORE ba.

Sai maganar shanya kaya. Ka ji haushinta, na gane, amma ka dube ta daga inda take tsaye: wata uku tana ganin ka da waya a hannu kana karanta lambobi, ba ta ga ka motsa ba. Ni a wurinta abin da zan faɗa ke nan. Kuma ina zargin akwai wata tambaya a ƙarƙashin maganar da ba ta furta ba, wato in kana kan keke wa ke riƙe da yaro, kuma ita yaushe ne nata lokacin. Ka zauna da ita a daren nan ka gaya mata har tunanin da ka yi game da ajiyar, da cewa ka fasa. Ku raba mako: ranakunka, ranakunta, wanda ba ya kan keke shi ke da jariri. Sau uku a mako, minti talatin zuwa arba'in kowanne, ya isa mafari. Ku zaɓi lungun da na'urar za ta zauna a haɗe, ku auna shi, ku duba yadda tayoyin kekunan biyu ke riƙe, ku tabbatar manhajar da kuka zaɓa tana karɓar maɓallin giya. In duk sun yi daidai, ku sayi CORE mai Zwift Cog da fanka da shimfiɗar roba kafin mako ya fita, daga inda za a karɓi kaya in an samu matsala. Ranar farko kuma ita ta fara hawa.